Kafin ka gina manhajar hira don masu damuwa

Abu na farko, hana ta gaggawar ba da shawara. Mutum ya rubuto cewa komai ya cakuɗe masa, ita kuma ta jero masa dabaru goma, to ƙara masa nauyi ta yi.

Allen Newell da Herbert Simon, a littafinsu na 1972, sun bayyana yadda ɗan Adam ke warware matsala: ya duba inda yake, ya duba inda yake son kaiwa, sannan ya nemi matakin da zai rage tazarar. Sai dai a kan darar Turawa da wasannin lissafi suka gwada wannan, inda manufa take a fili. Mai damuwa kuwa sau da yawa bai ma san mene ne ke cinsa ba. Nan ne aikin manhajarka yake.

Tsarin da Thomas D'Zurilla da Marvin Goldfried suka fitar a 1971 ya fi dacewa da kai. A fara da fayyace matsalar. Manhajar ta tambaya, "Cikin abubuwan nan, wanne ya fi hana ka barci?" Ta ci gaba da tambaya har "komai ya cakuɗe" ya koma "kuɗin haya zai ƙare watan gobe, kuma na kasa fuskantar mai gidan." Daga nan mai damuwar da kansa ya kawo hanyoyi, har waɗanda yake ganin wauta ne, ya zaɓi guda, ya sa mata lokaci: gobe bayan la'asar zai kira yayansa. Bayan kwana biyu, manhajar ta dawo ta tambaye shi yadda aka yi. Da irin wannan tsari Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata a Zimbabwe, suna sauraren mutane a kan benci a harabar asibitoci.

Kada ka bari manhajar ta yi shigar likita. Manhajar ELIZA ta Joseph Weizenbaum, a 1966, juya wa mutum maganarsa kawai take yi ta zama tambaya, amma mutane suka riƙa zuba mata sirrinsu. Taka ta faɗa tun farko cewa ita na'ura ce.

Idan kuma mutum ya ambaci kashe kansa, ta ajiye duk wani mataki, ta haɗa shi da likita ko ɗan'uwa na kusa nan take. In ba ka tanadi wannan ba, kada ka saki manhajar.