Daga Kujerar Shari'a Zuwa Gyaran Zaɓe: Nazari a Kan Rayuwa da Aikin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais (1936-2025), tsohon Alƙalin Alƙalan Nijeriya, wanda ya shugabanci Kwamitin Gyaran Tsarin Zaɓe daga 2007 zuwa 2008. An nuna cewa shawarwarin kwamitin sun samo tushe daga abin da ya gani a shari'o'in zaɓe a Kotun Ƙoli, kuma gwamnati ta karɓi rassan rahoton ta bar saiwarsa.

1.0 Gabatarwa

Tun farkon Jamhuriya ta Biyu, Nijeriya takan nemi alƙali idan amana ta yi ƙaranci a harkar zaɓe. Mai Shari'a Victor Ovie-Whiskey ya riƙe hukumar FEDECO daga 1980 zuwa 1983, Mai Shari'a Ephraim Akpata kuma ya buɗe hukumar INEC a 1998. Uwais bai taɓa shirya zaɓe ko sanar da sakamako ba. Aikin da aka ɗora masa shi ne ya faɗi yadda za a gina hukumar da ke shirya zaɓen, kuma da wannan aiki ne sunansa ya fi zama a bakin jama'a.

2.0 Asali da Hawan Matakai

An haife shi a Zariya ranar 12 ga Yuni, 1936. Ya yi Kwalejin Barewa, sannan Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya, daga nan ya wuce Ingila inda zauren lauyoyi na Middle Temple ya karɓe shi a 1963. Ya fara da aikin lauyan gwamnati a Jihar Arewa. Bayan rarraba jihohi ya kai matsayin Babban Sakatare a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Zazzau da Katsina. Ya hau kujerar Babbar Kotu a 1973, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1977, sai Kotun Ƙoli a Agustan 1979 yana da shekara 43. A Disamban 1995 ya gaji Mai Shari'a Mohammed Bello, mutumin Katsina, a matsayin Alƙalin Alƙalai, ya sauka a ranar da ya cika shekara 70 a 2006.

3.0 Shari'o'i Uku

Ko wata biyu bai cika a Kotun Ƙoli ba ya tsinci kansa cikin alƙalai bakwai da suka saurari ƙarar Awolowo da Shagari. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Lauyansa, Richard Akinjide, ya kafa hujja da cewa biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, don haka a jiha ta sha uku rubu'in sulusi biyu na ƙuri'u kawai ake bukata. Ranar 26 ga Satumba, 1979, kotu ta amince, Uwais yana cikin masu rinjaye, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Kwana biyar bayan haka aka rantsar da Shagari. Ko da lissafin ya gamsar ko bai gamsar ba, an gama shari'ar kafin kowa ya hau mulki.

Ta biyu ita ce ƙarar da Balarabe Musa da wasu suka kai INEC kan sharuɗɗan rajistar jam'iyyu. A Nuwamban 2002 Kotun Ƙoli ta soke yawancin sharuɗɗan, bisa dalilin cewa hukuma ba ta da ikon ƙara wa tsarin mulki abin da bai faɗa ba. Jam'iyyu suka kai 30 kafin zaɓen 2003.

Ta uku ta fi nauyi a wannan nazari. Muhammadu Buhari ya ƙalubalanci nasarar Obasanjo ta 2003, amma sai ranar 1 ga Yuli, 2005, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Uwais ta kori ƙarar, bayan wanda ake ƙara ya cinye fiye da rabin wa'adinsa. Doka ta tanadi cewa ba a rushe zaɓe don an sami kurakurai, sai mai ƙara ya tabbatar cewa kurakuran sun taɓa sakamako sosai. Ƙa'idar cewa mai da'awa shi ke kawo shaidu tsohuwa ce. Sai dai a zaɓen ƙasa mai rumfuna kusan 120,000, takardun da za su zama shaida suna hannun hukumar da ake ƙara. Alƙalin da ya bi wannan doka bai yi kuskure ba ta fuskar aikinsa, amma da wuya a ce bai ga inda take ɗingishi ba.

4.0 Kwamitin Gyaran Zaɓe

A jawabinsa na kama mulki ranar 29 ga Mayu, 2007, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. A watan Agusta ya kafa kwamiti mai mutum 22, cikinsu har da Attahiru Jega, da Matthew Hassan Kukah, da Jibrin Ibrahim, da Bolaji Akinyemi, ya ɗora Uwais a kai. Sun miƙa rahoto ranar 11 ga Disamba, 2008. Washegari Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen 'Yar'aduwa a ƙarar Buhari, alƙalai huɗu suka rinjayi uku.

Idan aka jera rahoton da waɗancan shari'o'i, sai a ga kowace shawara tana da tabon da take nema ta warkar. Kwamitin ya nemi a gama ƙarar zaɓe kafin rantsarwa, kuma a mayar da nauyin kawo hujja kan hukumar zaɓe. Ya nemi a rage wa INEC kaya ta hanyar kafa hukumomi daban na hukunta masu maguɗi, da rajistar jam'iyyu, da shata mazaɓu. Kuɗinta kuma su fito kai tsaye daga asusun tarayya. Babbar shawarar ita ce a zare hannun shugaban ƙasa daga naɗa shugaban INEC: Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta tallata gurbin ta tace mutum uku, Majalisar Magabata ta ɗauki ɗaya, Majalisar Dattawa ta tabbatar.

Wannan ita ce gwamnati ta ƙi a Maris ɗin 2009, da hujjar cewa naɗi aikin ɓangaren zartarwa ne. Hujjar ba fanko ba ce gaba ɗaya, domin alƙalan da suka tace shugaban hukuma su ne kuma za su saurari ƙararsa. Amma gwamnati ba ta kawo wata hanya a madadin ba, ta bar ɗan wasa yana zaɓen alƙalin wasa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba INEC 'yancin kuɗi, ya kuma ƙayyade wa kotun zaɓe kwana 180. Nauyin hujja bai motsa ba, hukumar hukunta masu maguɗi ba ta kafu ba. A Yunin 2010 Jega ya zama shugaban INEC, kuma ta hanyar da kwamitinsu ya ce a daina bi aka naɗa shi.

5.0 Abin da Ya Shafi Ƙauye

Akwai shawara ɗaya da ba a cika ambata ba, alhali ita ta fi kusa da talaka: a shigar da hukumomin zaɓe na jihohi cikin tsarin INEC. Mai ƙuri'a a gundumar Karare ta Batsari, ko a wani ƙauyen Safana, kansila da shugaban ƙaramar hukuma su ne gwamnatin da yake iya tararwa a ƙafa, kuma hukumar da gwamna ya naɗa ce ke shirya zaɓensu. Shugabannin da aka zaɓa a Katsina a 2014 ƙarƙashin PDP, sabuwar gwamnatin APC ta rushe su a 2015. Sai a Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, lokacin da wa'adinsu ya daɗe da wucewa, ba abin da ya rage sai biyan haƙƙoƙi. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyya mai mulki ta lashe dukkan ƙananan hukumomi 34.

Uwais ya rasu a Abuja ranar 6 ga Yuni, 2025, saura kwana shida ya cika shekara 89. Har zuwa ranar, shugaban ƙasa ke naɗa shugaban INEC, gwamnoni kuma ke naɗa na jihohinsu.