Ruwan Bagaja: Daga Bakin Kaka Zuwa Littafi da Fim

'Yan'uwa ɗalibai, idan aka tambaye mu wa ya ƙago Ruwan Bagaja, da yawanmu za mu ce Abubakar Imam. Shi ya rubuta littafin, gaskiya ne, amma sunan ya girme shi. Darasinmu na wannan mako zai duba yadda labari yake sauya kama idan ya tashi daga baki ya shiga littafi, ko ya tashi daga littafi ya koma fim, da kuma yadda za mu gane ko an yi masa adalci.

Tatsuniyar asali

Ruwan Bagaja tatsuniya ce da iyaye mata suke yi wa yara da dare. A yadda aka fi ba da ita, wani mutum yana da mata biyu, Mowa da Bora, kowacce da 'yarta. 'Yar Mowa ta yi fitsarin kwance, aka ɗora wa 'yar Bora, aka ce sai ta je ruwan Bagaja ta wanko shimfiɗar. A hanya ta yi ta gamuwa da abubuwan mamaki, har da cinya da kare masu zama kamar mutane. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi raini ba, duk abin da aka sa ta sai ta yi da ladabi. Aka sallame ta da ƙwai, ta fasa, arziki ya fito. Da Mowa ta ga haka sai ta tura tata 'yar. Ita kuwa ta tafi da rashin kunya, ta dawo da abin kunya.

Hanya ɗaya suka bi, hali ne ya raba su. Wannan shi ne ƙashin bayan tatsuniyar.

Abin da Imam ya yi da ita

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Midil ta Katsina a lokacin. Ya shiga gasar da Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22.

A littafinsa babu Mowa, babu Bora. Matafiyin namiji ne, Alhaji Imam, wanda ya fita neman ruwan don a warkar da ɗan sarki. Ya sami abokin hamayya, Malam Zurƙe, suka yi ta shirya wa juna tuggu gari bayan gari. To me ya rage daga tatsuniyar? Sunan ruwan, da doguwar tafiya, da jarrabawar da matafiyi yake sha a hanya. Amma 'yar Bora da ladabi ta ci nasara, Alhaji kuwa da wayo da naci. Ke nan Imam ya ari tulun ne, ya zuba nasa ruwan.

Haka ya yi a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Turawa, ya sa musu riga da rawani, ya danƙa su a bakin aku. Yau wa zai ce baƙi ne?

Idan labari ya hau allo

A shekarun 1980 gidan talbijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, kuma marigayi Kasimu Yero yana cikin waɗanda suka yi fice a ciki. Kafin nan, a 1976, Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ƙarshen shekarun 1990 kuma 'yan fim na Kano suka ɗauki tatsuniyar Daskin da Riɗi.

Mai fim yana da matsalar da kaka ba ta da ita. Idan kaka ta ce cinya ta yi magana, kowane yaro zai zana tasa cinyar a ransa, ba a kashe ko kwabo ba. Mai fim dole ya nuna ta. In ya nuna da kyau, ya rufe wa mai kallo ƙofar tunani, domin kowa zai ga cinya iri ɗaya. In ya nuna ba kyau, abin tsoro ya zama abin dariya. Ga kuma lokaci: littafin da za a yi mako ana karantawa, cikin awa biyu za a cusa shi, dole a yanke wani abu.

Ba mu kaɗai ba ne. Labarin Sindarela, marainiyar da matar uba take wahalarwa, Charles Perrault ya rubuta shi a Faransa a 1697, 'yan'uwan nan Grimm kuma suka rubuta nasu a Jamus a 1812. A na Grimm, 'ya'yan matar uban har yanke ƙafa suka yi don takalmin ya shige su. Kamfanin Disney na Amurka, a zanen katun na 1950 da fim ɗin 2015, ya bi na Perrault mai takalmin gilashi, babu jini. Yanzu yara da yawa a duniya sun ɗauka na Disney ne asali.

Ma'auni uku

Duk lokacin da kuka kalli fim ɗin da aka ciro daga tatsuniya ko littafi, ku yi tambayoyi uku.

1. Me aka riƙe? Idan aka sa 'yar Bora ta sami arziki saboda kyan fuska ba saboda hali ba, an karya ƙashin bayan, ko da sunaye suna nan.

2. Me aka canza, kuma don me? Canji ba laifi ba ne, Imam ma ya canza. Abin dubawa shi ne ko ya ƙara wa labarin ma'ana ko kuwa don kasuwa aka yi shi.

3. Me aka nuna wanda da an bar wa tunani ya fi?

Gargaɗi ga 'yan ajin ƙarshe: mai gyaran takardar WAEC ko NECO littafi yake bi, ba fim ba. Wanda ya kalli fim ya ƙi karatu zai rubuta abin da darakta ya ƙara, ya rasa maki.

Aikin gida

Mu a Daura muna da labarin da duk ƙasar Hausa ta sani: Bayajidda, da Sarauniya Daurama, da macijin rijiyar Kusugu wanda ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Wannan ba tatsuniyar Gizo ba ce, labarin asalinmu ne, don haka nauyin mai ɗaukarsa ya fi yawa. Da ku za a ba aikin fim ɗinsa, za ku nuna macijin ko za ku bar shi cikin duhun rijiya? Ta idon wa za ku ba da labarin: baƙon, ko Daurama, ko tsohuwa Ayana da ta sauke shi?

Ku tambayi tsofaffi biyu a gida su ba ku labarin, ku rubuta inda suka saɓa, ku miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta. Amsoshi uku mafi kyau za su hau wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.