Ƙaramin Kifi Shi Ne Tushen Babba

A Bahar Maliya, wadda ke gefen Jidda, akwai wani ɗan kifi da Turawa ke kira bileni. Tsawonsa bai cika wuce yatsa ba, kuma ba shi da ɓawo. Yana zaune ne a ruwa marar zurfi, cikin kogunan duwatsun murjani. Haƙoransa jere suke kamar matsefi, da su yake kankare gansakukar da ke neman rufe murjanin. Macen takan zuba ƙwai cikin rami, namijin kuwa ya tsaya gadi har su ƙyanƙyashe. In aka kama namijin, to, ƙwan sun zama abincin wasu.

Abin lura a nan shi ne, bakin ruwa marar zurfi shi ne ɗakin haihuwar kifi. Haka al'amarin yake a Tafkin Tiga, wanda aka gama datse shi bisa Kogin Kano cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Karfasa ita ma gansakuka take ci. Namijin yakan haƙa gurbi a gaɓa, sa'an nan a wani irinta macen ta kwashe ƙwan cikin bakinta, ta riƙe su har 'ya'yan su iya iyo. Saboda haka wanda ya ja gidan sauro a gaɓa ba kifin yau kaɗai ya kwashe ba, har da na baɗi. Giwan ruwa kuma, da ke rayuwa bisa ƙananan kifi, sai ya yi ƙaranci.

Mafi muni shi ne zuba majimfa ko Gamalin cikin ruwa, domin guba ba ta zaɓen babba da ƙarami, ga shi kuwa mutane da dabbobi na shan ruwan. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta yin su da guba ko nakiya ko lantarki.

Don haka ana roƙon hakiman Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa su tara dagatai da sarakunan ruwa su bayyana musu wannan. Malaman hakimai kuwa su rubuta sunayen masunta da irin tarun kowa, su karanta wannan takarda a kasuwar Ƙofa da sauran kasuwanni, don kada wani ya ce bai ji ba. Allah ya sa a kiyaye, amin.