Jirgin da ya kwana shekara 50 cikin ƙanƙara

A can arewacin duniya akwai wani babban tsibiri, sunansa Girinlan. Ƙasa ce mai tsananin sanyi. Ƙanƙara tana zuba a can, tana taruwa shekara da shekaru, kamar yadda rairayi yake taruwa a hamada.

Ran 15 ga watan Yuli na 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen saman Amurka guda 8 suna kan hanyarsu ta zuwa Ingila. Sai gari ya ɓaci, mai kuma ya kusa ƙarewa. Dole suka sauka bisa ƙanƙarar Girinlan. An ceci mutanen duka, amma aka bar jiragen a wurin. Sannu a hankali ƙanƙara ta binne su.

A 1992 waɗansu Amurkawa suka tono ɗaya daga cikinsu, wani ƙaramin jirgi mai inji biyu da mazaunin mutum ɗaya, wanda ake kira P-38. Yana ƙarƙashin ƙanƙara, zurfin metir 82. Da ruwan zafi suka narkar da ita, suka yi rami kamar rijiya. Suka shiga, suka kwance jirgin, suka fito da shi gunduwa-gunduwa. Aka kai shi jihar Kentaki ta Amurka.

Nan ne babban aiki ya soma. Nauyin ƙanƙara ya murƙushe jikin jirgin, ya lanƙwasa ƙarafa da yawa. Makanikai ba su yi gaggawa ba. Da fari suka warware kome, har ƙusoshi. Kowane ƙarfe aka wanke shi, aka auna shi, aka duba ko ya tsage. Mai kyau a ajiye shi. Wanda ya lanƙwashe a miƙe shi. Wanda ya lalace a ƙera sabo daidai da shi. Aka sāke wayoyi da robobi, aka gyara injunan biyu. Sa'an nan aka harhaɗa jirgin, aka yi ta gwada shi a ƙasa.

Don me wannan wahala duka? In mota ta mutu, direba sai ya raɓe gefen hanya. A sama kuwa babu gefen hanya. Ƙusa ɗaya da aka ɗaura da sakaci tana iya kashe matuƙi.

Aikin ya ci shekara 10. Ran 26 ga Oktoba na 2002, wani matuƙi mai suna Steve Hinton ya shiga jirgin, ya tā da injuna. Dubban mutane suna kallo. Jirgin ya sheƙa, ya ɗaga, ya kewaya, ya sauka lafiya. Shekara 60 ke nan rabonsa da tashi.

Yara, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Kafin ku yā da abin da ya lalace, ku duba shi da kyau.

Tambayoyi
1. Me ya sa jiragen suka sauka a Girinlan?
2. Yaya aka fito da jirgin daga cikin ƙanƙara?
3. Ku faɗi ayyukan makanikai bi da bi.
4. Don me ake gwada jirgi a ƙasa tukuna?

Aiki
Ku je wurin mai gyaran keke. Ku tambaye shi abin da yake fara dubawa, ku rubuta amsarsa.