Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kwana Da Waya a Hannu

'Ya'yana da ƙannena,

A kan darenku nake son mu yi magana, don na ga kuna sayar da shi da arha.

Kamfanonin sadarwa suna da garaɓasar data ta dare, daga wajen sha biyu zuwa asuba. Lokacin layi ba cunkoso, don haka su sun gama lissafinsu. Ku fa? Abin da kuka rage a aljihu, da barci kuke biyansa. Yaro ya kai ƙarfe uku yana TikTok, Asuba ta wuce shi, ya isa aji ko shagon maigidansa ido jajur, a faɗa masa magana sau uku bai riƙe ba. Hasken wayar kansa yana jinkirta sinadarin melatonin da ke sa jiki ya nemi barci, shi ya sa ko an ajiye ta sai an yi ta juyi a shimfiɗa.

Ba ragwancinku kaɗai ba ne. Littafi yana da shafin ƙarshe, fim ma yana ƙarewa, amma manhajojin nan da gangan aka yi su ba gindi. Aza Raskin, Ba'amurken da ya ƙirƙiro salon jan shafi ba iyaka a 2006, daga baya ya fito ya yi nadama. Duk mintin da kuka ƙara, talla ake sayarwa da idonku. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa uku a mako. A 2024 kuma Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta. Mu nan, kowa ya iya allonsa ya wanke.

Ban ce ku yar da waya ba. Da ita wasu ke sayar da atamfa ta WhatsApp, wasu ke shirin JAMB. In karatu za ku sauke da datar dare, ku sa shi ya sauka, ku kwanta.

Amma ku sa mata iyaka. Ku kashe ƙararrawar saƙonnin da ba dole ba. In babba yana magana, ku kife ta. Jin maganar mahaifiya ido na kan waya raini ne, ko ba ku nufa ba. Sannan don Allah, tun daga yau, da kun gama hirar bayan Isha, wayar ta kwana nesa da shimfiɗarku.

Allah Ya yi muku albarka.

Wassalam.