Batirin babur: na lithiyom ko na ruwa? Shawarwari kafin ka fitar da kuɗinka

A gidaje da yawa babur shi ne motar gida. Shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko cefane, wani ma da shi yake acaɓa ya ciyar da iyali. Yanzu masu shagon kayan babur sun fara tallata batirin lithiyom, mara nauyi, mai tsada, suna cewa ya fi tsohon batirin dalma da muka saba kira na ruwa. Ta wasu fuskoki ya fi shi, amma ba kowane babur ne ya dace da shi ba.

1. Fara auna cajin babur ɗinka tukuna. Wannan ita ce babbar magana, sauran duk bayanta suke. Sau da yawa batir ba shi da laifi, rektifaya ce ta lalace, ko kwayil ya yi rauni. Je wurin mai riwaya ya ɗora mita a kan batir, injin yana aiki, a ɗan murza totur. Lafiyayyen babur yana ba da tsakanin bolt 13.5 zuwa 14.5. In ya gaza 13, batir ba zai taɓa cika ba. In ya haura 15, ana dafa shi ne. Batirin ruwa yana iya jure wannan na ɗan lokaci, ruwansa ya ƙone, ya mutu a hankali. Na lithiyom ba ya son a wuce masa 14.6, ko dai ya katse kansa, ko ya kumbura ya lalace. Duk wanda ya sa batir mai tsada a babur mai gurɓatacciyar rektifaya, ya zuba ruwa a rariya.

2. San abin da kake saye. Batirin ruwa yana da ɗakuna 6, kuma in ya cika mita za ta nuna kusan 12.6 zuwa 12.8. Tsohuwar fasaha ce, Gaston Planté ya ƙirƙiro ta a Faransa tun 1859. Na lithiyom da ya dace da tayar da inji shi ne wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ɗakunansa 4 ne, yana zama a kusan 13.2, kuma ya fi irin na wayar hannu da kwamfuta wuyar kama wuta. Ka tambaya ko yana da BMS, wato ɗan allon da ke kare shi daga yawan caji da ƙarewa ƙarƙaf. In wani ya haɗa maka da tsofaffin batiran kwamfuta ya naɗe da salatif, kada ka karɓa ko da kyauta ne.

3. Rashin nauyi kada ya ruɗe ka. Na lithiyom bai fi kashi ɗaya cikin uku na nauyin na ruwa ba, gaskiya ne. Mai tseren babur a Turai yana lissafa kowane kilo. Amma Boxer ko Jincheng da ke ɗaukar buhun masara da mutum a baya, me ragin kilo ɗaya ko biyu zai ƙara masa?

4. Duba abin da ke shan wuta in babur yana ajiye. Na'urar bibiya saboda ɓarayi, ƙararrawa, wurin cajin waya, rediyo, da fitilun ado da samari ke so, wasunsu suna zuƙar wuta ko an zare makulli. A nan lithiyom yake da rauni. Yana da ƙarfin murza sitata, amma wutar da yake adanawa sau da yawa ba ta kai ta na ruwa mai girmansa ba, kuma in ya sauke gaba ɗaya yana iya ƙin tashi har abada. Shi ma na ruwa in aka bar shi babu caji makonni, farin gishiri yana daskarewa a farantansa, ƙarfinsa ya ragu. In za ka yi tafiya mai tsawo, cire baƙar waya. Da zarar an cire ta, lithiyom ya fi riƙe caji, yana iya yin watanni.

5. Zafi ya fi sanyi cutar da mu. Ƙorafin masu lithiyom a ƙasashen ƙanƙara shi ne yana nawa da asuba, kuma ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarar ruwa. Hunturun Kano ko Maraɗi bai kai nan ba. Matsalarmu bazara ce. Zafi yana gajarta ran kowane batir, na ruwa kuma yana ƙafewa. Ajiye babur a inuwa. In naka mai murafu ne, duba shi duk wata, ka ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir har zuwa layin sama. Ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, kuma ba a ƙara asid, domin ruwa ne ke tashi, asid yana nan.

6. Kada ka kai lithiyom wurin mai cajin batirin mota. Wasu cajojin suna harba wuta mai ƙarfi don farfaɗo da batirin dalma, wannan kuma kashe lithiyom yake yi. Cajarsa daban ce, sai ka sa kuɗinta cikin lissafi.

7. Kan batir ya kasance a ɗaure, a tsabtace. Gargadar hanya tana kwance noti, sai a ce batir ya mutu. In farin gari ya taru, wanke shi da ruwan kanwa, ka goge, ka shafa basilin kaɗan. Wajen cirewa fara da baƙar waya, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe.

8. Mataccen batir ba abin wasan yara ba ne. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinariya mai ɗauke da dalma ta kashe yara sama da 400. A Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda farfasa tsofaffin batira a cikin unguwa. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, a miƙa shi ga masu saye yadda yake. Na lithiyom kuma ba a huda shi, ba a jefa shi cikin bola mai wuta.

9. To wanne za a saya? Ga babur na kullum mai kik, a ganina rufaffen batirin dalma, wanda ba a ƙara masa ruwa, ya wadatar. Yana da araha, kowane gari akwai shi, kowane makanike ya san halinsa. Lithiyom ya dace da mai babban babur ko sabon da cajinsa ke daidai, wanda ba shi da kik sai sitata. Ko wanne ka zaɓa, tafi shago da tsohon batirinka a gwada girma da ɓangaren da jar waya take, ka kuma sa a ɗora masa mita a gabanka kafin ka biya.