Saniya ta ƙi ɗaukar ciki: ko laifin bijimi ne?

Idan saniya ta shekara biyu ba ta haihu ba, a Yauri da ƙauyukan da ke kewaye da Matameye abu ɗaya ake cewa: juya ce. Daga nan sai kasuwa, ko ta Matameye ko a tsallaka da ita Mai'aduwa. Da wuya a ji wanda ya tuhumi bijimi, musamman idan mai tozo ne kuma yana hawa. Amma saniya ɗaya in ta gaza, maraƙi ɗaya aka rasa. Bijimi in ya gaza, shanu 20 ko 25 na iya wuce shekara fayau, kuma a nan inda maƙwabta ke aron bijimi ɗaya, asarar ta unguwa ce baki ɗaya.

Hawa ba shi ne haihuwa ba. A cikin maniyyin bijimi akwai ƙwayoyi masu kai da wutsiya, miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. Likitan dabbobi yana duba su a madubin likita: yawansu, motsinsu da siffarsu. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce aƙalla 70 cikin 100 su kasance da siffa mai kyau, aƙalla 30 cikin 100 kuma su riƙa tafiya gaba. Sai dai akwai bijiman da ke cin wannan jarrabawa amma shanu ba sa ɗaukar cikinsu yadda ya kamata. Wannan ne ya sa masana suka koma duba fatar ƙwayar kanta.

Kowace ƙwaya tana lulluɓe da sinadarai da ake kira furotin, kamar riga. Wasu tana samunsu tun cikin maraina, wasu kuma suna manne mata daga ruwan maniyyi lokacin barbara. Ba ado ba ne. Wasu suna kare ta a cikin mahaifa, wasu suna liƙa ta a bangon hanyar ƙwai ta jira har ƙwan ya sauko, wasu kuma su ne mabuɗin shiga ƙwan. A 2005 masu bincike a Japan sun gano ɗaya da suka sa wa suna IZUMO1. Ɓerayen da ba su da shi suna barbara, ƙwayoyinsu suna motsi lafiya, amma ba sa iya haɗewa da ƙwai. A ɓangaren shanu, a 1993 an gano a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka cewa wasu furotin biyu sun fi yawa a ruwan maniyyin bijiman Holstein masu yawan haihuwa. A Jami'ar Arizona kuma aka bi sawun wani mai suna FAA, har aka ƙera ɗan gwajin gano shi. Gwaje-gwajen farko sun nuna bijiman da ke da shi sun fi sa ciki; wasu da aka yi daga baya ba su ga bambanci ba. Don haka duk wanda ya ce muku akwai gwaji ɗaya tak da ke tantance bijimi, ku bi shi a hankali. Ga shi kuma yawancin binciken a kan shanun Turawa aka yi, ba Azawak ko Bororo ko Bunaji ba, ko da yake tashar Tukunus da ke kusa da Filinge ta riƙa ɗibar maniyyin bijiman Azawak tana daskarar da shi don barbara ta allura.

To, me makiyayi zai yi da wannan ilimi? Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 60 kafin ta ƙeru, kuma tana son maraina su fi sauran jiki sanyi. Zazzaɓi, ƙurajen fata, yunwa ko tsananin zafi suna lalata ta tun tana hanya. Ke nan bijimin da ya sha ranar Mayu ɗaure a turke ba inuwa, ko ya wuni yana jan amalanke, shi ne zai hau shanu a Yuli, daidai lokacin da ciyawa ta fito suka fara neman namiji, da ƙwayoyin da bazara ta riga ta ƙona. Ya warke a ido, amma irinsa bai warke ba sai bayan wata biyu ko fiye. Ku yi masa rumfa, ku ba shi ruwa isasshe, ku ware masa harawa da dusa tun Afrilu. Angurya tana sa ƙiba, amma idan ta yi yawa tana ɓata maniyyi, musamman na ƙananan bijimai.

Kafin ku sayi bijimi ko ku karɓi aro, ku taɓa marainansa: su zama biyu, girmansu ɗaya, ba kumburi, ba tauri kamar dutse. Kumburi na iya zama bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari kuma tana kama mutane ta ɗanyar madara. Wannan sai a kira ma'aikacin kiwo.

Ƙungiyar da ke da bijimin haɗin gwiwa ta buɗe masa littafi, a rubuta ranar da ya hau kowace saniya. Wadda ba ta ɗauka ba tana sake neman namiji bayan kamar kwana 21. Idan ɗaya ce ta dawo, a duba ta. Idan huɗu ko biyar suka dawo a jere, a dakatar da sayar da su, a sake musu bijimi tukuna.